Babi na Bakwai: Hukuncin da Ba Ya Ƙarewa

A shekarar 2001, wata ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Devah Pager, ta ɗauki samari huɗu, biyu farar fata biyu baƙar fata, ta riƙa tura su neman aiki a birnin Milwoki. Dukkansu 'yan jami'a ne masu shekara 23, masu tsafta da iya magana, kuma an koya musu yadda za su gaisa da mai ɗaukar aiki da yadda za su amsa tambaya, don kada wani ya fi wani. Takardun da aka haɗa musu iri ɗaya ne: an gama sakandare, an ɗan taɓa aiki nan da can. Abu ɗaya tak ya bambanta. Kowane mako, ɗaya daga cikin kowane biyu zai rubuta a fom cewa an taɓa kama shi da hodar iblis, ya yi wata 18 a gidan yari. Mako na gaba sai su yi musanya, mai tabon jiya ya zama marar tabon yau, don kada a ce fuskar wani ce ko bakinsa ya jawo masa. Wurare 350 suka shiga, kuma duk ƙananan ayyuka ne da ba sa bukatar dogon karatu: sabis a gidan abinci, dako a sito, tuƙin motar kai kaya, tsaron kanti.

A cikin kowane nema ɗari da farin saurayi marar tabo ya yi, sau 34 aka neme shi. Da ya ce ya taɓa zaman kaso, sai abin ya faɗo zuwa 17. Baƙin saurayi marar tabo sau 14 aka neme shi, mai tabo kuwa sau 5. Da aka buga binciken a 2003, abin da ya fi tayar wa Amurkawa hankali shi ne farin da ya fito daga kurkuku ya fi baƙin da bai taɓa laifi ba samun shiga, kuma dole hakan ya tayar da hankali. Amma abin da ya shafe mu a wannan babi shi ne ɗaya ɓangaren: layi guda a jikin fom ya zabge rabin damar fari, ya kwashe kusan kashi biyu cikin uku na damar baƙi. Alƙali wata 18 ya yanke. Babu inda ya rubuta cewa a hana mutumin nan dako a sito bayan ya fito.

Wannan hukunci na biyu, wanda babu kotun da ta zauna a kansa, ya hau kan mutane da yawan gaske. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne Amurkawa kimanin miliyan 70 suna da suna a kundin laifuka, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane baligi uku. Kada mai karatu ya ɗauka duk 'yan fashi ne da makasa. Da yawansu kama su kawai aka yi aka sake su, ko aka kai su kotu mai gabatar da ƙara ya janye, ko alƙali ya wanke su sarai. Sunan dai ya riga ya shiga, kuma shiga ba ta bukatar a same ka da laifi, kamu ya isa. Daga nan sai abin ya bi mutum wurin neman hayar gida, wurin neman makaranta, wurin neman lasisin sana'a. Wani kundi da aka tattara na dokoki da ƙa'idojin tarayya da na jihohi masu tauye wa mai tabo wani haƙƙi bayan ya gama hukuncinsa ya lissafa sama da 40,000.

A da, nisa da ƙura suna rufa wa mutum asiri. Takardar shari'arsa tana cikin wani fayil a ɗakin ajiyar kotun ƙaramar hukuma, duk mai son ganinta sai ya yi tattaki ya je, ya san sunan, ya san shekarar. Idan mutum ya yi ƙaura zuwa wata jiha ya kama sana'a, shi ke nan, ya fara sabuwar rayuwa. Kwamfuta ce ta kashe wannan sutura. Yanzu kamfanonin binciken asalin mutane suna sayen bayanan kotuna a dunƙule, su sayar wa mai gidan haya ko mai kanti a kan 'yan daloli, cikin mintuna. Har aka samu shafukan intanet da ke kwaso hoton da 'yan sanda suka ɗauki mutum ranar kamu, su manna, sannan su ce sai ya biya kafin su cire. A 2018 hukumomin jihar Kalifoniya sun tuhumi mutum huɗu da ke da alaƙa da ɗaya daga cikin irin waɗannan shafuka da laifin ƙwace ta hanyar barazana.

Yawancin jihohin Amurka sun daɗe da tanadin magani, kuma iri biyu ne. Akwai gogewa, inda ake share bayanin daga kundi kamar ba a taɓa yi ba. Akwai kuma rufewa, inda bayanin yana nan amma an kulle shi: 'yan sanda da alƙalai suna gani, mai gidan haya da mai ɗaukar aiki ba sa gani. Matsalar ita ce a tsohon tsari duka biyun sai mutum ya nema, kuma neman ba wasa ba ne.

Mu ɗauki jihar Mishigan kafin ta gyara dokarta. Mutum zai jira shekara biyar. Sannan ya koma kotun da ta yanke masa hukunci ya karɓi kwafin hukuncin mai hatimi, ya je ofishin 'yan sanda a ɗauki zanen yatsunsa, ya cike takardar roƙo ya yi rantsuwa a kanta gaban mai shaida, ya biya dala 50, ya aika kwafi ga 'yan sandan jiha, wani ga babban lauyan jiha, wani ga mai gabatar da ƙarar da ya tuhume shi. Bayan watanni a sa masa rana, ya bar aikinsa idan yana da shi, ya tsaya gaban alƙali, wataƙila a ɗakin da aka ɗaure shi, ya bayyana dalilin da ya sa ya cancanci a yafe masa. Alƙalin kuma yana iya cewa a'a. Ka tuna wane ne ake nema ya yi duk wannan: mutumin da ba shi da lauya, wanda ganin ƙofar ofishin 'yan sanda kaɗai kan sa gabansa ya faɗi, wanda galibi ma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa irin wannan hanya tana nan.

Wasu malaman shari'a biyu na Jami'ar Mishigan, J.J. Prescott da Sonja Starr, sun samu izinin duba bayanan jihar, suka buga abin da suka gano a 2020. Cikin waɗanda doka ta ba damar a rufe musu kundi, kashi 6.5 cikin ɗari ne kacal suka samu a cikin shekara biyar da cancantarsu. Ba wai alƙalai ne ke korar mutane ba, yawancin waɗanda suka nema sun samu. Mutane ne ba sa zuwa. Waɗanda suka samu kuwa, cikin shekara guda abin da suke samu na albashi ya ƙaru da sama da kashi 22 cikin ɗari, akasari saboda marasa aiki sun samu aiki, masu ɗan tsinta-tsinta kuma sun samu tsayayye. Game da tsoron da kowa ke yi, wato a rufe wa mutum kundi ya koma ruwa, kashi 4 da ɗoriya cikin ɗari ne aka sake samu da wani laifi cikin shekara biyar.

Za a iya cewa ai waɗanda suka jure wa waccan wahala ta takardu dama can masu himma ne, ba mamaki su shiryu. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai wani bincike na daban ya duba tambayar ta wata fuska. Alfred Blumstein da Kiminori Nakamura sun bi diddigin mutum kusan 88,000 da aka fara kamawa a jihar Niyok a 1980, suka ga cewa haɗarin sake aikata laifi yana da yawa a shekarun farko, sannan ya riƙa sauka. Wanda ya yi kimanin shekara huɗu zuwa takwas bai sake shiga hannu ba, gwargwadon irin laifin, haɗarinsa ya zo daidai da na sauran tsararrakinsa a gari. Ke nan akwai lokacin da tsohon kundi ya daina gaya maka komai a kan mutumin da ke tsaye gabanka. Bayan wannan lokaci, riƙe shi ba kariya ba ce ga jama'a, azaba ce kawai.

Lauyoyin talakawa a birnin Filadelfiya na jihar Fensilbeniya sun ga wannan tun kafin a buga alƙaluman. Ofishinsu na taimakon shari'a kyauta yana shigar da roƙon gogewa ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru, layi kuma ba ya raguwa. Ɗaya daga cikinsu, Sharon Dietrich, tare da tsohuwar abokiyar aikinta Rebecca Vallas, suka kawo wata shawara mai sauƙi: tun da kwamfutar kotu ta san wane ne aka wanke, ta san wane ne ya yi shekara goma bai sake laifi ba, me ya sa za a jira mutum ya zo ya roƙa? Kwamfutar da ta tona asirin ita za ta rufe shi. 'Yan majalisar jihar biyu daga jam'iyyu masu adawa da juna, Sheryl Delozier da Jordan Harris, suka ɗauki ƙudurin, 'yan kasuwa masu neman ma'aikata suka mara baya, majalisa ta amince kusan baki ɗaya. Gwamnan Fensilbeniya Tom Wolf ya sa hannu a kan dokar, wadda ake kira wankakken allo, ranar 28 ga Yuni, 2018, ta fara aiki gadan-gadan bayan shekara guda.

Yadda take aiki abin a tsaya a duba ne, don a nan hikimar take. Kowane wata ofishin kula da kotunan jihar yana tace bayanansa, ya fitar da jerin shari'o'in da suka cika sharaɗi, ya miƙa wa 'yan sandan jiha. Su kuma suna da kwana 30 su gwada da nasu kundin, su cire duk wanda suka ga bai cancanta ba. Abin da ya rage sai ya tafi kotunan ƙananan hukumomi, alƙali ya sa hannu a kan umarni guda da ya ƙunshi sunaye masu yawa. Mutumin da abin ya shafa yana can wurin nemansa, bai cike fom ba, bai biya ko sisi ba. Daga ranar, idan mai ɗaukar aiki ya tambaye shi ko ya taɓa laifi, doka ta ba shi damar amsawa kamar ba a yi ba, shi kuma mai ɗaukar aikin an kare shi daga ƙarar sakaci a kan abin da aka rufe. Shari'o'i miliyoyi aka rufe a shekarar farko kaɗai.

Dokar ta fito da gurguntaka guda: sai wanda ya biya duk tara da kuɗin kotun da ake binsa. Wato wanda tabo ya hana aiki, rashin aiki ya hana biyan tara, shi ne kuma rashin biyan tara zai hana a cire masa tabon. A 2020 majalisa ta cire wannan sharaɗi, ta bar diyyar wanda aka zalunta kawai, kuma haka ya dace, don haƙƙin wani ba gwamnati ce za ta yafe shi ba. A 2023 aka sake faɗaɗa ta, aka rage jiran matsakaitan laifuka daga shekara goma zuwa bakwai, aka shigo da wasu laifukan ƙwaya. Jihar Yuta ta bi sahu a 2019, Mishigan a 2020, Niyok a 2023, inda ake jiran shekara uku ga ƙananan laifuka, takwas ga manya, ban da kisan kai da laifukan lalata.

Masu adawa ba su rasa hujja ba, kuma ban ga amfanin a raina su ba. Uwar da za ta damƙa ɗanta ga mai reno tana da haƙƙin sanin wane ne. Ɗan jarida mai bin diddigin alƙalin da ke sakin masu kuɗi yana bukatar fayil a buɗe. Wanda aka cuta yana iya jin cewa an share zafinsa tare da takardar. Amsar da ta gamsar da ni ita ce a zaɓi rufewa a kan gogewa ga wanda aka samu da laifi, a ware laifukan jini da na lalata, a bar wa makarantu da wuraren kula da yara ƙofarsu ta bincike. Wanda aka wanke kuwa, ko aka janye tuhumarsa, babu hujjar da za ta sa a riƙe sunansa ko na kwana ɗaya. Sannan dokar tana da iyaka da ya kamata duk mai shirin tafiya ya sani. Kamfanin da ya riga ya sayi bayanin yana iya ci gaba da yawo da shi, labarin jarida ba ya goguwa, kuma hukumar shige da fice ta Amurka galibi ba ta la'akari da rufewar da jiha ta yi. Fom ɗin neman bizarsu ma yana tambaya ko an taɓa kama ka ko da an yi maka afuwa daga baya. A nan faɗin gaskiya ya fi, don ƙarya a fom ɗin ta fi tsohon laifin illa.

Turai ta riga Amurka. Ingila tun 1974 take da dokar da ta ce hukunci yana tsufa ya mutu da kansa bayan wani wa'adi, mutum ya daina ambatonsa a yawancin neman aiki. Faransa tana raba kundinta gida uku: na alƙalai ya ƙunshi komai, na hukumomin gwamnati ya ragu, na ukun da ake ba mutum a hannu manyan hukunce-hukunce kaɗai yake nunawa, kuma yawancin hukunce-hukunce suna fita da kansu bayan shekara uku, biyar ko goma idan ba a sake laifi ba. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san wannan takarda ta uku, don ita ake nema a yawancin jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma sai sabuwa wadda ba ta wuce wata uku ba.

A Nijeriya mun gina rabin tsarin mun bar rabi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta umarci 'yan sanda su rubuta bayanan duk wanda suka kama, da hotonsa da zanen yatsunsa, ta kuma tanadi babbar rajistar laifuka a hannun rundunar. Duk wanda ya nemi takardar shaidar hali don aiki ko karatu a waje ya san ofishin 'yan sanda na Alagbon da ke Ikoyi a Legas. Ƙofar shiga kundi ke nan. Ƙofar fita da kowa ya sani kuwa ita ce afuwa, wadda sashe na 175 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa, sashe na 212 ya ba gwamna. Ƙarfinta babba ne. Gowon ya yi wa Awolowo a 1966, Shagari ya yi wa Ojukwu a 1982, Abdulsalami ya yi wa Obasanjo a 1998, kuma da Olu Falae ya ƙalubalanci zaɓen Obasanjo na 1999, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce afuwa tana mai da mutum sabo fil a idon doka. A 2013 Jonathan ya yi wa tsohon gwamnan Bayelsa, Diepreye Alamieyeseigha. A 2022 Buhari ya yi wa Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, waɗanda kotu ta ɗaure kan dukiyar jama'a. Gwamnoni kan saki fursunoni da sallah ko ranar 'yancin kai, amma sakin jiki daban, wanke suna daban. Afuwar da ke wanke suna sai wanda ake jin muryarsa a sama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsarin mulkinmu ya riga ya yarda cewa laifi yana tsufa, amma ga masu neman mulki. Wanda aka samu da laifin rashin gaskiya, shekara goma ce ke tsakaninsa da takarar majalisa, ko gwamna, ko shugaban ƙasa. Idan ta wuce, hanya ta buɗe. Yaron da aka ɗaure wata shida kan satar wayar hannu yana ɗan shekara 19 kuwa, duk sanarwar ɗaukar ɗan sanda ko soja da zai gani tana cewa ban da wanda kotu ta taɓa samu da laifi, ba tare da wa'adi ba. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kawo takardar shaidar kyawun hali ga wanda ya gyaru a tsare, ta kuma hana a nuna wa mai ita bambanci. Niyya ce mai kyau, sai dai takarda ce da ke sanar da duk wanda ya karɓa cewa mai ita ya yi zaman gidan yari.

Ga kuma tabon da babu rajistar da ta rubuta. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke, ba a same su da laifi ba. Wani zai yi shekara uku, a ce babu hujja, a sake shi, ya dawo unguwa sunansa tsohon fursuna. Wani kuma an yi holinsa gaban 'yan jarida, zaune a ƙasa ba riga, bidiyon ya zaga Facebook da WhatsApp, ranar da kotu ta wanke shi kuwa babu kyamara ko ɗaya. Jihar Legas ta haramta irin wannan holi a 2021. Idan aka zo binciken aure, ko za a ba shi ajiyar shago, bidiyon nan ne zai fito. Mu kuwa mutane ne da aka rene mu a kan rufin asiri da karɓar tuba. Malaman fiƙihu sun yi doguwar muhawara a kan ko za a karɓi shaidar wanda aka yi wa haddin ƙazafi bayan ya tuba, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi tana cikin masu cewa a karɓa. Doka ba za ta iya kama bakin mutanen unguwa ba, amma za ta iya daina ba su hujja.

Rajistar laifuka tana hannun 'yan sanda, 'yan sanda kuwa na tarayya ne, don haka aikin na Majalisar Dokoki ta Ƙasa ne, kuma yanzu ne lokacinsa, tun bayanan ba su gama hawa kwamfuta sun bazu ba. A fara da abin da babu mai gardama a kansa: duk wanda aka wanke, ko aka janye tuhumarsa, ko aka sake shi ba a kai shi kotu ba, a share sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa ba sai ya nema ba. Sannan a sa wa'adi ga ƙananan laifuka, kada ya wuce shekara goman da 'yan siyasa suka yanka wa kansu. Majalisun jihohin Arewa kuma, tun daga Sakkwato har Borno, su hana holin waɗanda ake zargi kamar yadda Legas ta yi. Mai karatu, idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ka tambaye shi inda ya tsaya a kan wannan.